Wuƙar Baba Gaddis

Tun da gari ya waye Renita Gaddis ta kasa zama wuri ɗaya. Ta buɗe murhun gashi ta leƙa talotalo ya fi a ƙirga, ta zuba wa ganye gishiri sau biyu, ta sake goge teburin da ta riga ta goge. Wayarta tana aljihu, da ta ji kamar ta motsa sai ta zaro da sauri, ta tarar babu wanda ya kira.

Ranar Godiya ce, ranar da kowane gida a garin Toledo na Amurka yake tashin ƙamshi, dangi na kusa da na nesa su hallara a ci a yi nak. Ita kuwa ko ruwa ta kasa haɗiyewa. Alonzo ne ya hana ta sakat.

Shekara uku ke nan suna tare da Alonzo Pettway. Zobensa yana yatsanta, an tsayar da biki a watan Yuni, har ta gwada rigar amarci ta yi 'yar ƙwallarta a gaban madubi. Shekarunta talatin da biyar, malama ce a makarantar firamare, kullum tana share majinar 'ya'yan wasu tana kwaɗayin ranar da za ta share ta nata. Sai da komai ya kankama sannan Alonzo ya zo da wata sabuwa. Wai zai ajiye aikinsa na kamfanin ƙera motoci ya koma jami'a, ya ƙarasa digirin ilimin kwamfuta da ya bari tun yana saurayi, lokacin da ciwo ya kwantar da mahaifiyarsa. Jami'ar ta yarda ta lissafa masa karatunsa na baya, amma fa sai in ya koma a watan Janairu. In ya bari ya wuce, sai dai ya faro daga tushe.

A wani gidan, magana ce da za a tauna a kan shayi a wuce wurin. A gidan mahaifinta Baba Cleophus Gaddis kuwa, ashana aka ƙyasta kusa da fetur.

Duk wanda ya san kamfanin nan ya san ba da takarda kawai ake shigarsa ba. Sai an jima ake buɗe ƙofa, in an buɗe kuma a ba kowane tsohon ma'aikaci damar ya kawo mutum ɗaya da sunansa. Ɗaya tal. Akwai waɗanda suka yi ritaya ba su ga dama ta biyu ba. Da ta zo kan Baba Gaddis, kowa ya ɗauka ɗansa Terrell zai ba. Amma Terrell a lokacin ba ya tashi barci sai rana ta take, tsohon kuma ya ce ba zai kai wanda zai zubar masa da mutunci ba. Sai ya ɗauko Alonzo, ɗan maƙwabta, wanda bai daɗe da binne uwarsa ba, ba shi da kowa sai Allah.

Terrell ya tattara kayansa ya tafi Atlanta. Ranar Godiyar waccan shekarar Baba ya jira shi har abinci ya huce, sannan ya tashi ya ɗauke kujerar yaron daga tebur ya jingina ta da bango. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wurin. Ana share ƙarƙashinta, ba a zama a kanta.

To, wannan mutumin ne Alonzo ya samu a gareji makon da ya wuce, ya ce masa zai bar aiki. Renita tana laɓe a bayan ƙofa, ta ji komai. Baba bai ɗaga murya ba, shi da ma ba ya ɗagawa. Ya tuna masa fansho da katin asibiti, ya tuna masa cewa a kamfani daɗewa ita ce girma, wanda ya fita ko ya dawo daga ƙarshen layi zai tsaya. Ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sannan ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Yaro, gurbin nan da kake son wurgarwa, da ɗana na saye shi. In ka bar kamfani, ka bar 'yata. Ba zan aurar da ita ga ɗan makaranta mai furfura ba."

Tun daga ranar Alonzo bai ƙara taka gidan ba, yau kuma dole ya zo.

Tana cikin wannan tunani Gwaggo Odessa, yayar Baba, ta faɗo kicin da tiren makaroni da cuku a hannu. Tun rasuwar mahaifiyar Renita ita ta naɗa kanta uwar gidan, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Ta ɗanɗana ganyen, ta yatsine fuska.

"Ke 'yar nan, abinci kike dafawa ko kisan kai? To da sauƙi, tunda na gayyato mai ɗaukar gawar."

Renita ta juyo da sauri.

"Gwaggo, kada ki ce mini Maurice."

Shi ɗin ne kuwa. Maurice Tolliver, wanda ya gaji gidan shirya jana'iza daga ubansa, mai baƙar mota mai sheƙi da magana a hankali kamar kullum ta'aziyya ya zo yi. Tun suna ƙungiyar mawaƙan coci yake bin Renita da ido, ta ƙi shi cikin ladabi har ladabin ya kusa ƙare mata. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Gwaggo ta shiga kwarzanta shi tana jera faranti. Ta ce sana'arsa ba ta san karayar kasuwa ba, kuma har yau ba a ƙera kwamfutar da za ta hana mutuwa ba. Renita ta ɗaga mata yatsa ta nuna zobe, ta ce ita fa da mijinta a hannu.

"Zobe ai ba igiyar aure ba ce," in ji Gwaggo. Ta rage murya, wasan ya bar fuskarta. "Renita, ki saurare ni. Ubanki ba ya magana biyu, kujerar can shaida ce. In yaron nan ya tafi makaranta, ko dai ki jira shi ya gama, ko ki aure shi ba da albarkar uba ba. Shi namiji ne, ko yana da sittin zai ga ɗansa. Ke fa? Ni na jira wani, kin ga ɗana a teburin nan?"

Renita ta juya wa tsohuwar baya kamar tana duba wuta. Da ƙarya Gwaggo ta yi, da abin bai yi ciwo haka ba.

Wayar ta motsa, wannan karon da gaske. Alonzo ne, ya ce ta fito yana waje.

Ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba. Ƙanƙara tana ɗan yayyafi, ta tsallaka titi da silifas ta shige tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Ya yi aski, ya sa farar rigar da ta saya masa, amma idanunsa sun faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. Ta so ta yi fushi, tausayi ya riga fushin zuwa.

Ta ce masa ya shigo, an kusa zama. Ya ce zai shigo, amma ba zai iya haɗa ido da Baba ba sai ya san abin da zai faɗa.

"To me za ka faɗa?"

"Ban sani ba, Nita. Na rantse ban sani ba."

Ya kifa goshinsa a kan sitiyari, maganar da ya daɗe yana dannewa ta ɓalle. Ya ce in injin da ke gefensa ya tsaya, sai a kira wasu yara daga sama su sauko da kwamfuta a hammata. Shi kuma sai ya koma gefe ya harɗe hannu, yana kallon rubutun da ke gudu a fuskar kwamfutar. Yana gane ɗan kaɗan, sauran ya wuce shi, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin shi yake hana shi barci. Sau biyu yana gwada ajin yamma, sau biyu kamfani yana ƙara musu awanni na dole har Asabar, karatun ya watse. Kafaɗarsa ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya ce in ya hango kansa nan da shekara ashirin yana ɗaura ƙofar mota irin wadda ya ɗaura jiya, sai numfashi ya yi masa wuya.

"To ka tafi mana," ta ce. "Me kake jira?"

"Ina jin tsoro." Ya ɗago ya dube ta. "Shekarata talatin da takwas. Zan zauna aji ɗaya da yaran da na kusa haifa. Lissafin da na sani ya tsere. Kullum kuma labari ake yi, wai ana sallamar masu aikin kwamfuta, wai yanzu na'urar da kanta take rubuta abin da zan je in koyo. In na gama na fito babu aiki fa? Na rasa kamfani, na rasa Baba, na cinye miki shekarunki a banza. Wataƙila tsohon nan gaskiya gare shi."

"Wataƙila."

"Kin gani? Ke ma kin ce wataƙila."

"Me kake so in ce, Alonzo? In ce na san gobe?" Hawayen suka zubo, ba ta tare su ba. "Kai kana maganar ƙofar mota. Ni ina maganar ɗa. Ɗa nake so in riƙe, nawa, mai irin kunnuwan nan naka marasa kyau. Na yi haƙuri, na jira ka gama biyan wannan, ka gyara wancan, yanzu kuma in jira ka gama makaranta? Ba kuma zan shiga coci ba tare da ubana ya riƙe hannuna ba. Shi kaɗai ya rage mini. Terrell ya tafi, Mama ta tafi. In na tafi, wa zai dinga tuna masa maganin hawan jini?"

Ya kamo hannunta, yatsunsa duk kanta. Ya daɗe yana juya zoben da babban yatsansa.

"Shi ya sa na ce ki fito. Na gaji da kai da kawowa, kaina zai fashe. Ke za ki yanke. In kin ce in zauna, na zauna, ba za ki ƙara jin kalmar jami'a a bakina ba. In kin ce in tafi, na tafi."

"Wannan ba adalci ba ne."

"Na sani."

"Ka ɗauki kayanka ka ɗora mini, don gobe in ta ɓaci ka ce ni ce."

"Ba zan taɓa cewa ba."

Maza dai! Mutum ya kasa ɗaukar tulunsa sai ya miƙa wa mace, ya kira abin girmamawa. Renita ta san haka sarai, amma so ba ya barin mutum ya yi aiki da abin da ya sani.

A daidai lokacin baƙar motar Maurice ta sulalo ta tsaya a ƙofar gidan. Ya fito da furanni a hannu, masu yawa, an tsara su da gwaninta irin ta wanda ya saba. Baba da kansa ya buɗe masa ƙofa, har da dafa kafaɗa. Renita ta ga haka, ta ga fitilar ɗakin cin abinci, ta tuna da rigar amarcin da ke rataye a ɗakinta cikin leda. Tsoro ya kama ta.

"Ka zauna," ta ce da sauri, kamar mai gudun kada kalmar ta kuɓuce. "Ka zauna, Alonzo. Don Allah."

Ya dube ta. Sannan ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya sumbaci bayan hannunta.

"Shi ke nan, an gama. Kin ga ma har na ji sanyi a raina."

Ya kashe mota ya zagayo ya buɗe mata ƙofa. Ta so ta ji daɗi. Ta laluba ko'ina a ƙirjinta, ba ta samu ba.

Su biyar suka zauna a teburin da aka yi don mutum shida. Baba a kai, da rigarsa ta zuwa coci. Gwaggo ta san yadda ta yi ta zaunar da Maurice a gefen Renita, Alonzo kuma a can tsallake, bayansa ga kujerar da ke jingine da bango. Ga talotalo a tsakiya ya yi jawur, ga makaroni, ga dankali mai zaƙi, ga burodin masara, ga ganyen da gishiri ya kashe. Kusa da farantin Baba kuma ga wata tsohuwar wuƙa a kwance cikin farin ƙyalle.

Wuƙar nan da ita kakan Renita ya taho daga Alabama, ƙotarta ta ƙaho ce, wasawa ta cinye rabin bakinta. Baba ne kaɗai yake yanka talotalo da ita. Tun Renita tana 'yar ƙarama yake faɗa, da wasa da gaske, cewa ranar da ya miƙa wa wani namiji wuƙar nan a teburin nan, to ya ba shi 'yarsa ke nan, sauran na coci cika ƙa'ida ne. Shekara biyu Alonzo yana cin Godiya a gidan, bai taɓa ko ƙyallen ba.

Aka riƙe hannu Baba ya yi addu'a. Daga nan aka fara zagayen da aka saba, kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. Gwaggo ta gode da gwiwoyinta da suka kai ta wata shekarar, da kuma samari masu sana'ar da za a dogara da ita. Maurice ya gyara murya ya ce shi dai alhamdu, bana an samu aiki sosai. Sai da ya ga yadda ake kallonsa sannan ya gane, ya shiga gyarawa, ya ce ba haka yake nufi ba, yana nufin ya samu damar yi wa jama'a hidima. Gwaggo ce kaɗai ta ce amin.

Aka zo kan Alonzo. Ya miƙe tsaye, abin da ba a saba ba.

"Ina gode wa Allah da Baba, da ya ɗauke ni lokacin da ba ni da kowa. Na yi tunani a kan maganarka, Baba. Zancen makaranta na bar shi. Litinin ina bakin aiki, kuma ina nan har in yi ritaya kamar yadda ka yi."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Leɓensa na ƙasa ya ɗan yi rawa. Renita ba ta taɓa ganin haka ba, ko ranar jana'izar Mama.

"Madalla da ɗa," ya ce. "Madalla."

Aka ce saura Renita. Ta ce a wuce ta tukuna. Babu wanda ya matsa, hankalin kowa ya koma kan hannun Baba, wanda ya fara warware farin ƙyallen. Ya ɗaga wuƙar, ya juya ta ya riƙe ta baki, ya miƙa ƙotar ta saman talotalo.

"Karɓi, Alonzo. Yanka mana."

Gwaggo ta taɓe baki, amma ita ma idonta ya kawo ruwa. Maurice, Allah ya ba shi lada, ya sunkuyar da kai ya ce yana taya su murna, kuma da gaske yake.

Alonzo ya karɓa da hannu biyu. Ga abin da Renita ta yi shekaru tana roƙo ya zo har gabanta, ga Yuni, ga coci, ga hannun Baba a nata. Ta ɗaga ido don su yi murnar tare.

Murmushin nan na cikin mota ne a fuskarsa, bai ƙaru ba bai ragu ba. Sai yanzu ta gane inda ta san shi. Shi yake yi in ya fito daga ƙofar kamfani ya hango ta a mota, kafin ya zauna ya rufe ido ya yi shiru har gida. Murmushin mutumin da ya gama aikin yau ne, ya san akwai na gobe. Ya tsaya a kan naman, ya gyara tsayuwa, ya sauke kafaɗar nan mai ciwo, daidai yadda ya taɓa kwatanta mata tsayuwarsa a bakin layin haɗa motoci. Wannan fuskar za ta dinga gani a wajen karin kumallo. Ita ɗan da take kwaɗayi zai buɗe ido ya gani, ya ɗauka haka fuskar uba take. Kuma ita ta sa masa ita, da bakinta, a cikin mota.

Ta san ba zai taɓa yi mata gori ba. Da zai yi, da ta iya jurewa.

Bakin wuƙar ya taɓa ƙirjin talotalo.

"Dakata."

Renita ce, ba ta ma san ta miƙe ba.

"Ban yi godiyata ba," ta ce. "Baba, ina gode wa Allah da ya ba ni uba wanda bai taɓa barinmu da yunwa ba. Na san abin da gurbin nan ya ci maka, kullum ina share ƙarƙashin kujerar can. Amma abin da Alonzo ya faɗa yanzu ba nasa ba ne. Ni na sa shi. Tsoro na ji, na ce ya zauna."

"Nita," in ji Alonzo a hankali, "mun gama wannan maganar."

"Ba mu gama ba. Ka ce ni zan yanke, to ban gama yankewa ba." Hawaye suna gangarowa har cikin bakinta, ta ci gaba. "Ajiye wuƙar nan ka tafi makarantarka. Ban san ko za ka ci ba. Ban san ko akwai aiki a ƙarshenta ba. Wataƙila mu tsufa a ɗakin haya, wataƙila ɗan da nake so ba zai zo ba, ni ma na san ƙirga, Gwaggo, ba sai an tuna mini ba. Amma ba zan auri mutumin da na binne da hannuna ba."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce yarinyar nan ta zautu. Maurice ya zuba wa farantinsa ido kamar zai huda shi.

Baba bai dubi Alonzo ba. 'Yarsa yake kallo.

"Renita, zauna."

"Baba, shekara goma sha ɗaya ya yi maka. Bai taɓa makara ba, bai taɓa sa an kira sunanka da mugun abu ba. Bai isa ba? Sai ya mutu a wurin sannan Terrell zai dawo?"

Da ta san haka sunan zai fito, da ta cije harshenta. Gwaggo ta rufe baki da hannu. Shekara da shekaru ba a ambaci sunan nan a teburin nan ba.

"Na ce ki zauna," in ji Baba, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ki zauna a yanka nama, in ɗauka ban ji komai ba. Ba zan sake faɗa ba."

Ta dube shi. Ya tsufa, wuyan rigar ya yi masa yawa, kuma da safe ta ga bai sha maganinsa ba sai da ta miƙa masa. Kujerar tana nan a bayan gwiwoyinta, lanƙwasa ƙafa kawai za ta yi. Duk jikinta yana roƙonta ta zauna.

Ba ta zauna ba.

Baba ya dafa tebur ya tashi. Ya zagayo a hankali, yana ɗan ɗingishin da kamfani ya bar masa, ya wuce bayan Maurice, ya zo ya tsaya dab da ita har tana jin ƙamshin man askinsa. Ta ɗauka hannunta zai kama. Sai ya sunkuya ya ɗauki kujerarta. Ta yi masa nauyi, amma babu wanda ya isa ya ce zai taya shi. Ya ratsa ɗakin da ita, ya jingina ta da bango kusa da ta Terrell, ya daidaita ƙafafunsu. Sannan ya koma mazauninsa ya shimfiɗa ƙyalle a cinyarsa.

"Alonzo," ya ce, "abinci yana hucewa."

Renita tana tsaye a gaban farantinta, ba abin zama. Ta juya ta dubi mutumin da ta yi wa wannan, tana jira ta ji ƙarar ƙarfe a kan tebur.

Alonzo ya dube ta, ya dubi Baba, ya dubi kujeru biyun da ke bayansa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Bai yanka ba. Amma kuma bai ajiye wuƙar ba.